Kukan Abba na Biyar

Yayata ta ce ɗanta yana da kuka huɗu. Akwai na yunwa, wanda yake farawa a hankali kamar mai neman izini. Akwai na jiƙewar ƙunzugu. Akwai na ƙwannafi, wanda ke zuwa bayan an ba shi kunu, yana yi yana banƙare wuya. Na huɗu kuwa na kaɗaici ne, in ya ji gida ya yi tsit ya gane an fita an bar shi. Sunan mahaifinmu aka sa wa yaron, shi ya sa babu mai kiran sunan a gidanmu, Abba muke ce masa. Bai taɓa furta kalma ba, amma uwarsa tana bambance waɗannan huɗun daga madafa ba tare da ta leƙo ba.

Na biyar ɗin a asibiti ta fara jin sa. Ina tsaye kusa da ita, kuma ni ne na ce mata ba komai ba ne.

An haifi Abba bayan naƙudar kwana biyu, ya fito jiki a sake, bai yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama. Ya kai wata takwas wuyansa bai tsaya ba. Wasu maƙwabta suka ce shan inna ne, wata tsohuwa ta raɗa wa mahaifiyarmu cewa ɗan ruwa ne. Abin da yake da shi kuwa shi ne lalurar da likitoci ke kira seribral falsi, wato rauni da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana tasowa, ya ɓata yadda take sarrafa tsoka da motsi. Wani likitan ƙashi ɗan Ingila, William John Little, ya bayyana ta a gaban ƙungiyar likitocin haihuwa ta Landan a 1861, ya kuma danganta ta da wahalar haihuwa. A ƙasashe masu arziki tana samun kimanin yara 2 cikin kowane 1,000 da aka haifa. A wajenmu manyan ƙofofinta sanannu ne: doguwar naƙuda, shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa.

Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Sai dai jikin yaro yana girma, ƙashi yana tsawo, tsokar da ta ɗaure kuma ba ta bin sa. A hankali tsokokin matsematsi suke jan cinyoyi suna harɗe su kamar almakashi, har kan ƙashin cinya ya fara zamewa daga gurbinsa. Likitoci suna raba yaran hawa 5 gwargwadon motsinsu, daga mai tafiya da kansa zuwa wanda ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. Wani bincike daga jihar Victoria ta Ostareliya da aka buga a 2006 ya nuna cewa a hawa na ɗaya kwatangwalo ba ya gocewa, a hawa na biyar kuwa yana gocewa ga kusan 90 cikin 100. Abba a hawa na biyar yake.

Daren farko

Yana da shekara biyar aka yi masa aikin farko, ƙaramin aiki a ma'aunin masu tiyata: aka ɗan tsaga agarar tsokokin matsematsi don cinyoyin su buɗe, aka sa masa siminti a ƙafafu biyu da sanda a tsakani. Ni a lokacin ina shekarata ta farko bayan kammala karatun likita, ina jin kaina, kuma dangi sun ɗora mini ido.

Da maganin barci ya sake shi, sai abin ya fara. Yakan yi shiru na ɗan lokaci, can sai jikinsa duka ya ƙandare, ƙafafun su ja simintin, bayansa ya tashi daga katifa, ya saki wata ƙara mai kaifi, gumi ya keto masa. Ya lafa, ya sake. An ba shi farasitamol, an yi masa allurar fentazosin da ƙarfe takwas na dare. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Yaya ta kamo hannun rigata.

"Auta, wannan kukan ban san shi ba."

Na duba takardar magani na ga komai an bayar a kan lokaci. Na ce, "Yaya, an yi masa allura. Irin waɗannan yaran ai haka suke, ba lalle kukan ciwo ba ne."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Irin waɗannan yaran. Ɗanka ne fa, Auta."

Kwana uku aka yi a haka. Ya ƙi abinci, ya rame, farfaɗiyarsa da ta yi watanni ba ta tashi ba ta tashi sau biyu saboda rashin barci. Da aka sallame su Yaya ta yi rantsuwa cewa ba za a ƙara sa wa ɗanta wuƙa ba muddin tana raye.

Maganar da na faɗa mata ba ni na ƙirƙire ta ba, gadonta na yi. Har cikin shekarun 1980 akwai manyan asibitoci a Amurka da Turai da ake yi wa jarirai tiyata da ɗan maganin zafi kaɗan ko babu, bisa zaton cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba balle su ji. A 1985 wata uwa Ba'amurkiya, Jill Lawson, ta gano cewa an buɗe ƙirjin bakwaininta da maganin hana motsi kawai, ta fito fili ta yi ta magana. A 1987 likitoci biyu, Anand da Hickey, suka buga bayanin da ya tattara hujjojin cewa jariri yana jin zafi sarai. Sai a 2020 ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya ta sabunta ma'anar ciwo, ta jaddada cewa faɗa da baki hanya ɗaya ce kawai daga hanyoyin nuna shi, kuma kasa magana ba ya kore ji. Yaron da ba ya magana saboda lalurar ƙwaƙwalwa shi ne ya fi daɗewa a ƙarƙashin wancan tsohon zato.

Abin da ke faruwa a cikin jikin

Shekaru bayan haka na shiga horon likitan sa barci, a can na fahimci abin da idona ya gani a wancan dare.

A jikin kowa, idan aka miƙe tsoka ba zato, saƙo yana tafiya ta jijiya zuwa laka, laka kuma ta mayar da umarni nan take cewa tsokar ta ɗaure. Wannan shi ne abin da likita ke gwadawa idan ya ƙwanƙwasa gwiwa ƙafa ta zabura. Ƙwaƙwalwa mai lafiya tana taka wa wannan zabura birki a kowane lokaci. A jikin Abba birkin ya lalace. To, a ɗauki irin wannan jiki a yanka tsoka, a miƙe ta zuwa tsawon da ba ta saba ba, a ɗaure ta cikin siminti. Zafin rauni yana aika saƙo zuwa laka, laka ta sa tsoka ta ɗaure, ɗaurewar ta ja wurin da aka yanka, jan ya haifar da sabon zafi. Haka abin zai yi ta zagaye har gari ya waye.

Magungunan dangin mofin suna rage yadda ƙwaƙwalwa ke jin zafin, amma ba su cika karya wannan zagaye ba. Kuma farashinsu a jikin irin su Abba yana da tsada. Suna rage numfashi, suna danne tari, suna kawo amai da taurin bayan gida. Yaron da dama can haɗiya ke ba shi wahala, abinci ke dawo masa wuya, idan aka jibga masa maganin da zai sa shi nauyin barci, abin cikinsa na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Dayazefam yana sassauta ɗaurewar tsoka, sai dai shi ma barci yake ƙarawa, haɗa shi da mofin kuwa sai da ido a kan numfashi. Wannan tsoron ne ke sa ma'aikatan jinya su riƙa tsuke hannu da magani, kuma tsoron yana da tushe.

Allurar kashe yanki ta wata hanya take bi. Maganinta, irin su bufibaken, yana toshe ƙananan ƙofofin sodiyam da ke jikin jijiya, waɗanda sai da su saƙo ke iya gudu. Idan aka zuba shi kusa da jijiyoyin da suka taso daga wurin aiki, saƙon ba zai isa laka ba. Zafin ba ya hawa zuwa ƙwaƙwalwa, umarnin ɗaurewa kuma ba ya samun abin da zai tayar da shi. Yaron yana farke, numfashinsa da tarinsa suna nan yadda suke.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1884 Carl Koller ya kashe zafin ido da hodar koken a Biyana. A 1898 August Bier ya yi allurar laka a garin Kiel na Jamus, ita ce kakar allurar bayan da matanmu suka sani a tiyatar haihuwa. A 1921 likitan soja ɗan Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana zuba magani a sararin da ke wajen rigar laka, wanda ake kira efidural. A 1933 Meredith Campbell a Amurka ya ba da rahoton yi wa yara allura ta wata 'yar kafa da ke ƙarshen ƙashin baya, wadda ake kira kodal. A 1989 Bernard Dalens a Faransa ya bayyana yadda za a zuba magani a matsematsin yaro ya bazu zuwa jijiyoyin gaban cinya. Yau da na'urar sikanin likita yana ganin jijiyar da bakin allurar a allo kafin ya tura maganin.

Kowace da muhallinta. Kodal allura ɗaya ce, tana riƙewa kamar awa 4 zuwa 6, in an ƙara mata ɗan maganin kilonidin ta zarce haka. Efidural ana barin siririyar roba a baya, a riƙa zuba magani ta cikinta kwana biyu ko uku, ita ta fi dacewa da aikin da aka sare ƙashi a ɓangare biyu. Idan aikin a ƙafa ɗaya ne, kashe jijiyar cinya ko ta bayan gwiwa yana isa. A yara kusan duka ana yin su ne bayan an sa barci, don kada yaro ya motsa allura tana kusa da jijiya.

Shawo kan Yaya

Abba yana da shekara tara hoton ƙashi ya nuna kwatangwalon hagu ya kusa fita gaba ɗaya, na dama yana bin sawunsa. Alamun sun riga hoton. Yana kuka in ana sa masa ƙunzugu, ba ya jure zama a kekensa, wanke masa matsematsi ya zama yaƙi. A kudancin Suwidin, inda aka fara duba kwatangwalon irin waɗannan yara a kai a kai tun 1994, ficewar gaba ɗaya ta sauko daga 8 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, saboda ana tarar abin da wuri. Mu mun makara. Abin da ya rage shi ne babban aiki: a sare ƙashin cinya a ɓangare biyu, a karkata kansa ya koma gurbi, a ɗaure da ƙarfe.

Yaya ta ƙi. Wata goma sha ɗaya muna abu ɗaya. Mijinta ya yi magana, mahaifiyarmu ta yi, ta ce ita ta kwana a wancan ɗakin, ba su ba. Ranar da na je da niyyar kawo mata hujjoji, sai na tarar bakina ya fara da wani abu dabam. Na ce, "Yaya, a daren nan ke ce da gaskiya. Ciwo yake ji, ni kuma na ƙaryata ki." Ta yi shiru tana tsince shinkafa. Can ta ce, "To yanzu me ya canja?"

Na zana mata laka da jijiyoyi a bayan takardar magani. Na gaya mata inda robar za ta zauna. Ta tambayi abin da kowace uwa ke tambaya: allurar baya ba za ta ƙarasa shanye shi ba? Na faɗa mata abin da aka tattara. Wata gamayyar asibitocin yara a Amurka ta buga sakamakon allurai sama da 100,000 a 2018, ba a sami ko yaro ɗaya da ya yi lahanin jijiya na dindindin ba, na wucin gadi kuma bai kai 3 cikin 10,000 ba. Na kuma gaya mata cewa waɗannan alƙaluma daga wuraren da ke da kayan aiki da ma'aikata suka fito, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan masu lalurar Abba kaɗai ƙanana ne, na yara gommai. Ta sa sharaɗi ɗaya: in ta ce yana jin ciwo, a yarda.

Sharaɗin nata yana da gurbi a ilimi. Akwai ma'aunin da aka fitar a Jami'ar Michigan a 1997, mai duba abu biyar: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yaro yana rarrasuwa. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimla 10. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar mai seribral falsi tana iya ruɗar baƙo, wani dariya yake yi in zafi ya tsananta, wani ɗif yake yi. Shi ya sa a 2006 aka gyara ma'aunin, aka bar fili inda iyaye za su rubuta alamun ɗansu na kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya ta faɗa na rubuta: yana cije leɓen ƙasa, babban yatsan hannunsa yana shigewa cikin tafi, yana riƙe numfashi kafin ƙarar ta fito. Muka liƙa takardar a kan gadonsa.

Kwana uku na biyu

Ban yi masa allurar da hannuna ba, likita ba ya yi wa jininsa irin wannan. Wata babbar abokiyar aikina ce ta yi. Ta auna shi tukuna: kilo 17, alhali sa'anninsa sun doshi kilo 30. Wannan awo ba ƙaramin abu ba ne, domin iyakar bufibaken a zubi ɗaya miligiram 2.5 ne ga kowane kilo, kuma wanda ya yi lissafi da shekaru maimakon nauyi zai wuce iyaka. Idan maganin ya yi yawa a jini yana kawo jijjiga, yana iya tsayar da zuciya. Maganin wannan guba wani farin ruwan mai ne da ake sawa ta jijiyar jini, wanda Guy Weinberg ya nuna amfaninsa a gwajin ɓeraye a 1998. Ta tabbatar akwai shi a ɗakin kafin ta fara. Ta duba jininsa kuma, saboda maganin farfaɗiyar da yake sha, balfurowet, yana iya rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, zubar jini kusa da laka kuwa babban hatsari ne. Bayansa ya ɗan karkace, sai a gwaji na biyu robar ta shiga.

Daren farko Abba ya yi barci. Yaya ba ta runtsa ba, tana zaune tana jiran kukan, bai zo ba. Da asuba ta ba shi kunu da cokali ya sha.

Kada mai karatu ya ɗauka shi ke nan. Ƙafar da ba ta jin zafi ba ta iya kai ƙara. Siminti na iya cin dunduniya har ta zama gyambo yaro bai motsa ba. Kumburi a cikin tsoka na iya toshe jini, kuma zafi mai tsanani shi ne alamarsa ta farko, don haka idan yaron da aka kashe wa yanki ya fara jin zafin da ke keta maganin, simintin ake fara dubawa kafin a ƙara komai. Fitsari yana iya tsayawa, shi ya sa aka sa masa robar fitsari. A rana ta biyu Yaya ce ta lura yatsun ƙafar dama sun fi na hagu sanyi. Aka kira mai siminti ya tsaga gefe, ya buɗe taga a dunduniya, aka tarar fatar ta yi ja amma ba ta fashe ba. A dare na biyu likitan da ke zagayen zuba maganin ya maƙale a ɗakin tiyata da wata mai haihuwa, aka yi jinkirin awa biyu, kukan nan na biyar ya dawo. Wannan karon da Yaya ta ce ciwo ne, ma'aikaciyar jinya ta dubi takardar da ke kan gado, ta dubi babban yatsansa, ta ɗauki waya. A rana ta uku aka fara ba shi magungunan sha da ɗan dayazefam, sannan aka zare robar.

Abin da ya rage mana

Jinkirin nan na awa biyu shi ne hoton matsalarmu. Kwalbar bufibaken ba ta da tsada, kodal kuma allura da hannu mai horo kawai take buƙata. Mutane ne babu. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, ƙidayarta ta 2017 kuma ta nuna ƙasashe da yawa na Afirka kudu da Sahara ba su kai ko 1 ba. Efidural ba tare da mai duba numfashi da hawan jini da ƙafafu cikin dare ba kasada ce, kuma likitan da ya ƙi sa ta saboda ya san babu mai dubawa bai yi laifi ba. Amma tsakanin efidural da babu komai akwai fili mai faɗi: kodal kafin a fara yanka, kashe jijiyar cinya, farasitamol a kan agogo ba sai an yi kuka ba, da maganin ɗaurewar tsoka da aka rubuta tun kafin ta fara.

Wanda za a yi wa ɗansa irin wannan aiki ya nemi ganin likitan sa barci kwanaki kafin ranar, kada ya tsaya ga mai tiyata kaɗai. Ya tambaya ko za a kashe yanki, wace iri, awa nawa za ta riƙe, da abin da aka tanada in ta sake. Ya tambayi wanda zai duba yaron da dare. Ya kawo duk magungunan da yaron ke sha. Ya rubuta alamun ciwon ɗansa a takarda ya miƙa.

Abba yanzu yana zama a kekensa a ƙofar ɗaki har a idar da la'asar. Ba zai yi tafiya ba, dama ba don haka aka yi aikin ba. Ni kuma duk yaron da ba ya magana da aka kawo mini, kafin na taɓa fayil ɗinsa nakan ja kujera na zauna kusa da uwar, na ce, "Hajiya, kukansa iri nawa ne?" Ban taɓa samun wadda ta rasa amsa ba.